Allurar Jirgin Dantani

Sana'ata gyaran agogo ce, a bakin kasuwar Yelwa,
teburi ɗaya, gilashin ido ɗaya, da ɗan hantsaki.
Ban taɓa zaton wata rana
zan kwanta rigingine ƙarƙashin jirgi ba,
laka a ƙeya, ƙusa a baki,
ina huda katako don a auna gudu a ruwa.

Dantani ne ya kawo abin, naɗe da tsumma,
wai wani direban tanka ya sayo masa daga kudu.
Fuska irin ta agogo, amma allura ɗaya tak,
waya gaba huɗu,
da 'yar fanka da ba ta kai ƙwallon goruba ba.
Ya ce, "Wannan za ka dasa a cikin jirgi ta riƙa juyi,
ita kuwa allura ta faɗa mini abin da ta ji a ruwa."

Mu tara muka jawo jirgin tudu.
Na auna taƙi biyu daga mazaunin inji,
na huda, na zura, na toshe da auduga da kwalta.
Baba Gado matuƙi yana gefe yana ɗinkin koma,
ko ɗagowa bai yi ba, ya ce,
"Ka yi wa Kwara ƙofa, mai agogo.
Rufe ta da kyau, ba ya sallama, ruwa."

Ranar gwaji allura ta miƙe tsam,
biyar, takwas, sha biyu!
Dantani na dariya har hularsa ta faɗa ruwa.

Kwana shida ta kwanta, ko motsi.
Na nutsa hannu har kafaɗa, na lalubo:
saiwar kainuwa da guntun zaren koma
sun yi wa fanka ɗaurin goro.
Da tsinken tsire na warware su,
na goge da tsohon buroshi, ta koma shan ruwa.

Bayan sati biyu sai ta kama makyarkyata
kamar mai zazzaɓin damina.
Na bi waya kamu kamu, sai ga aikin ɓera,
ya biyo ƙamshin banda ya haɗa da jan ƙarfe.
Na ɗiga dalma, na naɗe da robar tayar keke,
na ce to, saura kuma me, ruwa?

Na ukun ne ya hana ni barci.
Dantani ya zo ko gaisuwa babu:
"Abinka maƙaryaci ne!
Zuwa Tungar Jatau sha biyu ta nuna, muka kai azahar.
Dawowa sha biyun dai, ko rogon da na saya bai huce ba."
Na kwance, na busa, na ɗiga mai, na mayar.
Na sake kwancewa.
Ba tsatsa, ba karaya, ba ɗigon ruwa.

Da asuba Baba Gado ya taɓa kafaɗata.
Jirgi na ɗaure a turke, inji a kashe,
ya haska tocila a fuskar abin.
Allura na kan biyu.
Ya karya kara ya jefa, muka bi shi da ido
har ya wuce masu wanki, ya ɓace.
Ya ce, "Mu muna tsaye. To, wa ke tafiya?"
Na buɗe baki, na rufe, ina kallon ruwa.

Dantani bai biya na ukun ba.
Ya ce inda ba gyara ba lada, kuma da gaskiyarsa.
Allura na nan, fasinja na leƙenta suna gardama,
Gado kuwa giginyar tsallake yake duba
da abin da tafin ƙafarsa ya ji a katako.

Na koma teburina.
Ɗazu wata tsohuwa ta kawo agogon mijinta,
wai tun da ya rasu yake latti.
Na kara shi a kunne, na daɗe.
Lafiyarsa ƙalau.
Na ce ta dawo jibi,
na rufe shago, na gangara bakin ruwa.