Ɗigo Uku

Ranar da na sauka a Agege
ba ni da rumfa, ba ni da allo,
sai basilla da zare da guntun fata
a gefen layin dogo.
Duk takalmin da na gama
sai in sa ƙusa a garwashin mai tsire,
in ɗiga ɗigo uku a ƙasan dunduniya.
Ba don ado ba.
Don kada wani ya kawo mini aikin wani
ya rantse nawa ne ya tsinke.

Shekara huɗu na kama rumfa.
Na biya Baba Kunle mai fenti
ya rubuta da jan launi, baƙaƙe manya:
TANIMU MAI SILIFA, AGEGE.
Daren nan sau biyu na fito
ina haska shi da tocila.

Ashe suna linzami ne.
Wata Bayarabiya daga Surulere ta ce jaka take so,
na ɗinka, ta kawo ƙawayenta.
Aka nemi bel, aka nemi walat,
yara shida suka zauna a gabana suna koyo.
Amma baƙo in ya zo sai ya karanta allon,
ya ce, au, silifa kawai kuke yi,
ya wuce da kuɗinsa a aljihu.
Da muka buɗe na biyu a Ikeja
allon ya ci gaba da cewa Agege,
kamar tsohon da ya ƙi yarda an tashi daga gida.

Hansatu, 'yata, ta dawo daga karatu a Yaba
ta buɗe kwamfuta a kan bencin yanka.
Na ce a zana mini zaki.
Na ce a ɗora masa kambi, a zuba ruwan zinare,
Ikko ba ta jin mai raɗa.
Ta ce, Baba, zakuna nawa ka ƙirga
daga nan zuwa Oshodi?

Muna cikin haka wani direban danfo ya shigo
da takalmi ɗaya a leda, igiyarsa ta saki.
Shekara goma sha ɗaya, in ji shi,
na manta fuskarka, na manta sunanka,
wannan na bi.
Ya kife shi. Ga su nan,
sun dushe, amma uku ne.

Hansatu ta yi shiru, sannan ta ce,
ka tuna yadda Inna ke ɗinka mana kayan salla?
Takan naɗe bakin riga ciki,
baɗi in mun yi tsawo sai ta warware.
Suna ma haka yake so.
Ta goge silifa. Ta goge Agege.
Ta bar Tanimu, ta bar ɗigon.
Na ji kamar an aske mini gemu,
kwana uku ban ce mata uffan ba.

Yanzu suna kan kwali, suna kan rasit,
suna fuskar waya ƙanana kamar ƙwayar riɗi,
suna bayan akwatin ɗan saƙo
yana kutsawa cikin cunkoson Ojota.
A kan jakar amarya ruwan zinare ne,
a kan takalmin lebura baƙi.
Launi ya sauya, girma ya sauya,
lissafin bai sauya ba.

Inji ke bugawa yanzu, ba ƙusa ba.
Amma jiya Ɗanlami ya kawo jaka,
na ja ɗinkin, ya buɗe baki.
Na ce mayar, wannan ba ta kai a ɗiga mata ba.

Allon Baba Kunle kuwa ban yar ba.
Yana jingine a tagar baya,
shi ke tare mana feshin ruwa in damina ta sauka.