Riga Biyu a Tsibirin Jeju

Kakata da ƙanwarta sun shekara goma suna musu ɗaya,
a ƙauyenmu mai katangun baƙin dutse,
inda iskar teku ba ta sallama kafin ta shigo gida.

Kakata Ok-bun, tamanin da uku,
tun gari bai gama wayewa ba
ta sa rigar roba, ta ɗaura darma a ƙugu,
ta nutsa ƙasan teku neman kawa,
ba ta da guzuri sai numfashi ɗaya.
In ta taso sai ta yi fito,
siriri, kamar tsuntsun da ya kuɓuce wa tarko.
Likita ya ce zuciyarta ta gaji.
Ta ce, "In ta gaji ta nemi wurin zama, ni ina da aiki."
Ƙwaya bakwai take sha da safe,
tana haɗiye kowace kamar mai rama zagi.

Ƙanwarta Mal-nyeo ta bar ruwa tun tana saba'in.
Ta sayo yadin rama, ta ɗinka likkafaninta da kanta,
ta naɗe, ta sa a ƙasan akwati.
Ta zaɓi makwanci a gefen gonar lemu,
duk la'asar sai ta je ta zauna a can,
wai tana sabawa da maƙwabta.

"Kin buɗe wa ɓarawo ƙofa," in ji kakata,
"har kin shimfiɗa masa tabarma."
"Ke kuma," in ji Mal-nyeo, tana ɓare lemu,
"kina jifan teku da tsakuwa wai ya ja baya.
Rigar kowa ce, yaya. Gara in san tawa ta yi mini daidai."
Ni ina tsakiya da butar shayi,
ina gyaɗa kai ga duk wadda ta kalle ni.

Sai ga hunturun bara.
Ba wadda muke tsoro ta faɗi ba.
Mal-nyeo ce, a bakin murhu, da cokali a hannu.

Kwana goma sha ɗaya a asibiti.
Matar da ta gama shiri tun tuni
ta kama ƙarfen gado har yatsunta suka yi fari.
Ta roƙi allura, ta roƙi wata,
ta ce a bar ta ta ga furen lemu sau ɗaya tak,
ta ce kada kowa ya taɓa akwatin nan.

Kakata ta zauna kusa da ita, gishiri bai bar gashinta ba.
Na zaci za ta ce, daure.
Sai na ji tana raɗa mata abin da uwarsu ta koya musu
ranar da suka fara nutso:
"In numfashi ya ƙare, ko kawar ta kai faranti,
sakar ta. Ki taso."
Ta ɓamɓare yatsun daga ƙarfen, ɗaya bayan ɗaya,
ta mai da su cikin tafinta.

Rigar ta yi mata daidai.

Ban san wadda ta ci musun ba.
Na dai san bayan wata biyu
kakata ta aike ni kasuwa sayen yadin rama,
ta ce kada in bari a cuce ni.
Ta miƙo allura in sa mata zare, don ido ya ƙi.
Ta yi ɗinki bai fi kamu ɗaya ba,
ta ɗaga kai ta leƙa taga,
ta ce, "Yau ruwa ya kwanta."
Ta soke allurar a yadin, ta ɗauki darmarta.

Ina nan a kan dutse, yadin a cinyata,
ina ƙirga daƙiƙu,
ina jiran fito.