Kilomita Goma Sha Takwas

Mun sauka Damagaram ran Laraba da la'asar
a bayan kamyon na soji,
ni da katifa biyu, da turmi, da Mutari yana zazzaɓi,
da akwatin ƙarfen Tsahiru mai lambarsa da farin fenti.
A ƙofar bariki wani ajidan ya leƙa takardarmu,
ya ce gidaje sun cika,
a rubuta suna, a jira.
Mu ne na arba'in da bakwai.

Sai Mirriya.
Ɗaki biyu a gidan Hajiya Tsayaba, dab da lambuna,
jaka goma sha biyu duk wata,
da ƙyauren langa-langa da ba ya rufuwa
sai an tallafe shi da gwiwa.

Nan na koyi lissafin da lakwal ba ta koya mini ba:
sha takwas zuwa, sha takwas dawowa,
kwalbar isansi nawa ke cikin albashin kaporal,
tiya nawa ta gero za ta rage.

Ina riga ladan tashi.
Gawayi, shayi, ɗumamen jiya.
Shi kuma yana ɗaure takalmi da lalube,
ya tura babur har bakin kwalta kafin ya tada shi,
kada ya tashi yaron.
Shafa'atu a gaba bisa tanki, jakar lakwal a ƙirji,
barci bai gama sakinta ba.
Ita ta raɗa wa duwatsun hanya suna:
wannan Raƙumi Ya Durƙusa,
wancan Kaka Mai Fushi,
in sun wuce shi, ta ce, saura kaɗan.

Ƙarfe bakwai ake ɗaga tuta,
kuma tuta ba ta san ƙaya ba,
ba ta san amalanken shanu da ya tare hanya ba.
Ran da taya ta yi faci
kwana biyu aka tsare shi.
Matar wani sarjan ta aje mini ƴata,
ni ina nan bakin titi da mayafi a baki,
kowace fitila ta taho sai in ce shi ne,
ta wuce Gidimuni.

Ƙarshen wata nakan shiga motar kasuwa,
tsakanin buhun albasa da akuyar wani,
in je in duba takardar da aka manna a bangon biro.
Talatin da ɗaya.
Sha tara.
Wata uku cur muna kan sha tara kamar an kafa mana ƙusa.
Matan bariki na layi da bido a bakin famfo,
famfon na fito, ba ya zubar da komai.
Ban ce musu rijiyarmu ba ta ƙafewa ba.
Na dai yi musu sannu.

Ban san ranar da na daina ƙirga hanyar ba.
Wataƙila ran da Hajiya ta ce mini ƴata,
ko ran da zogalen da na dasa bayan ɗaki
ya wuce Mutari tsawo,
ko da mai tumatir ya fara ba ni bashi bai rubuta ba.

Jiya Tsahiru ya dawo da wuri, bai kashe babur ba.
Hannun dama makulli, ɗaure da igiyar leda:
gida mai lamba shida, sunanmu ya fito.
A aljihun hagu wata takarda mai hatimi,
ninki huɗu, gumi ya jiƙa gefenta.
N'Gigimi. Farkon wata.

Ya miƙo mini makullin, na riƙe, yana da ɗumi.
Shafa'atu ta ja masa riga ta ce,
Baba, can akwai duwatsu?
Ya ce rairayi ne.
Na shiga na sauke tukunya don kada ta kama,
na fito na ce masa,
kashe babur ɗin, isansi na ƙonewa.