Abin da Bai Shiga Rahoto Ba

Daren Talata, ƙarfe bakwai,
a ɗakin taron da ke saman ofishin 'yan kwana-kwana,
na buɗe littafi, na sa kwanan wata.
Shekara goma sha tara ke nan ina wannan aiki
a ɗan garinmu na arewacin Minnesota:
su su faɗa, ni in taƙaita.

Batu na huɗu, fili mai lamba talatin da ɗaya.
Gidan katakon Osvald Rautio,
wanda ya rasu bara da kaka
ya bar kwalekwalensa a kife bakin ruwa.
Masu saye na so su rushe, su tayar da bene,
taku arba'in daga tafki.
Doka kuwa saba'in da biyar ta ce.

Kowa minti uku. Agogo na hannuna.

Gudrun Tollefsen ce ta fara miƙewa,
da sandarta, da hoto cikin leda.
Ta ce inuwar benen za ta kwanta kan tumatirinta
tun kafin ƙarfe uku.
Na rubuta: damuwa kan inuwa.
Ban rubuta tagar kicin ɗinta ba,
wadda ta cikinta take ganin rana tana nutsewa,
kujera biyu a gaban tagar,
ɗaya ba wanda ya zauna a kai tun shekara shida.

Wendell Kivela ya zo da takardu har da alƙaluma.
Siminti ba ya shan ruwa, in ji shi,
ruwan sama zai kwashi takin ciyawa ya kai tafki,
da rani mu wayi gari gansakuka ta rufe gaɓa.
Gaskiya ya faɗa.
Na rubuta: tambaya kan magudana.
Ban rubuta daren da shi kansa ya sare ciyayin bakin ruwansa
ya zuba tifa biyu ta yashi ba.
Laifi tudu ne.
Duk ɗakin ya sani, kowa ya duƙar da kai yana duba takalminsa.

Injiniya ya haska taswira a bango,
ɗan jan haske yana yawo kan layuka
kamar ƙuda a kan faifai.
A taswirarsa tafkin shuɗi ne sumul,
ba kifi, ba laka, ba Osvald.

Sai mai filin ta tashi, Lorna Brandvold.
Mun zaci lauya za ta turo.
Ta ce ɗanta Teague a keke yake tun yana shekara tara,
gangaren kuma ya yi tsayi.
In aka ja gidan baya taku talatin da biyar,
zai ga ruwan,
amma ba zai taɓa shi ba.
Ta zauna da sauran minti biyu a agogona.

Ban san yadda ake taƙaita shiru ba.
Na rubuta: mai nema ta yi bayani.

Shugaba Arvid Pelto ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.
Ya ce a je a ga wurin da ido ranar Asabar,
a auna gangaren, a auna inuwar,
kowa ya zo da takalmin laka.
Hannu huɗu sama, ɗaya a aljihu.
An ɗage.

Na kashe fitila, na sauko.
A bakin ƙofa na iske Gudrun
ta tokare ƙyauren da sandarta
har Lorna ta wuce da kwalin takardunta.
Ba wadda ta ce wa 'yar'uwarta uffan.

Can ƙasa, bayan motoci,
ƙanƙarar farko ta fara kama gefen tafki,
tana ƙara kaɗan-kaɗan kamar tsohon gado.
Na tsaya da littafi a hammata
har sanyi ya shiga haƙorana.