Kwana Casa'in

A Vigo, ofishin masunta na kallon teku
ta taga ɗaya da gishiri ya cinye wa ƙarfe.
Uxía Carballo ke riƙe da babban mabuɗi,
wanda ba ya ƙara a aljihu.

Ran Litinin ta raba izini:
mai awo ya ga nauyin kifi, kada ya ga kuɗi,
ma'aji ya rubuta, kada ya goge,
ɗan koyo ya ci da ido, hannu a cinya.
Mutum bakwai ta tarar da ikon shugaba,
har da wanda ya bar aiki tun bara waccan.
Ta sauke shida.
Jirgi ɗaya ba ya ɗaukar matuƙa bakwai.

Sai dokar kalmar sirri:
harafi goma sha biyu, manya da ƙanana,
da lamba, da wata alama mai ƙugiya.
Kwana casa'in a sake,
wadda aka bari ba a koma mata.

Laraba da asuba, kafin gwanjo,
tsoho Breixo ya tsaya a kanta, hula a hannu,
rigarsa na ɗigar ruwan sama.
Ya ce, "Ta ƙi ni."

Shekara tara yana buɗe safiyarsa da harafi shida,
yatsa ɗaya, a hankali,
sunan da ba mai amsa shi a gida yanzu.
Bai faɗa ba. Ba ta tambaya ba.

Akwai ɗan akwati a ƙasan shafi,
in ta taɓa shi, kalmarsa ba za ta tsufa ba.
Wa zai sani?
Kibiya ta tsaya a kai tana rawa.
Amma ɓarawon zamani ba ya haura katanga,
sunan mata da 'ya'ya yake fara gwadawa.

Ta janye hannu, ta jawo masa kujera.
"Kada ka cire ta. Ƙara mata.
Me takan ce in za ka fita teku?"
Ya yi shiru, can ya murmusa.
Ta kau da fuska wajen taga.
Yatsa ya daɗe yana tafiya,
ɗigo ashirin da uku suka jeru a allo.

Ƙofa ta buɗe.
A ƙasa aka kaɗa ƙararrawa.
Ya sa hula. "Bayan kwana casa'in fa?"
Ta ce, "Ai ba magana ɗaya ta bar maka ba."