Mudun Goggo Dudu

Shekara ashirin da bakwai ina ratsa Tudun Hatsi
da jakar duwatsun awo,
hular gwamnati a ka, biro a bayan kunne.
Na san mudun da aka daka wa gindi da guduma,
na san tiyar da aka rage wa baki da dare.
Tun ban taɓa ba, idona ya auna.

Wata Laraba na ƙwace mudun Goggo Dudu.
Lotsawa ce kamar gurbin babban yatsa.
Ta ce, “Jikana ne ya zauna a kai.”
Na yanka mata tara.
Ta kwance bakin zane, ta ƙirgo kuɗin cefanenta
ta ajiye a kan buhu, ba a hannuna ba.

A makon nan aka tura ni kamfanin riɗi,
can bayan gari, inda sikeli ke ɗaukar tirela ɗungurungum.
Direbobi sun daɗe suna raɗa mini:
kowace mota ta hau, buhu uku sun sha iska.
Maigadi ya riƙe ni a ƙofa har azahar.
Manaja ya yi tafiya. Mataimakinsa yana taro.
Aka ba ni lemo mai sanyi da kalanda,
na koma ofis na rubuta shafi tara.
Kafin damina ta faɗi
takardar canjin wurin aiki ta same ni, Nafada.
Rahoton kuwa, na ji an ce gara ta karanta shi tsaf.

Yanzu ɗana Kawuwa ya dawo daga jami’a.
Yana cin tuwo yana koya mini kasuwa:
“Baba, a sakar mata mara.
Kasuwa ruwa ce, ita ke nemo hanyarta.
Wanda ya cuci manomi bana,
baɗi manomi zai kai wa wani.”
Na ce, wane wanin?
Su biyar ne masu saye lokacin da aka yi maka kaciya.
Ɗaya ya karya farashi har huɗu suka rufe,
ya sayi rumbunansu, ya shafa musu fentinsa.
Kifin da ya cinye ’yan tafki
shi ne yau ke wa’azin ’yancin iyo.

Amma ban ce yaron bai da gaskiya ba.
Na ga rasit bakwai a kan buhun wake ɗaya
daga Kumo zuwa Gombe,
kowane shinge da mai sanda da tafin hannunsa.
Ubana ya noma auduga, hukuma ta sa mata kuɗi
daga ofishin da ba a taɓa jin ƙaiƙayin kaɗa ba.
Ba na so mai kwat ya gaya wa Bappayo
nawa zai sayar da albasarsa.
A bar su su yi ta albarka da sallama har la’asar.
Abin da nake roƙo kaɗan ne:
dutsen da aka auna Goggo da shi
a ɗauke shi a shiga da shi waccan ƙofar.
In doka tana da haƙora,
kada ta ƙare su a ƙashin kaza.

Kawuwa ya ce na tsufa da haushi. Wataƙila.

Bayan na yi ritaya na nemi rumfarta
da mudun a ƙunshe cikin leda.
Mai barkono ne a wurin. Ya ce ai ta kwana biyu da rasuwa.
Shi nake ɗibar wa kaji dusa da shi yanzu.
Rannan na gwada shi da na gwamnati, ni kaɗai a zaure.
Cokali biyu ne.
Na sake gwadawa.
Cokali biyu.