Ƙarshen Layi

Tun jiya aka hana ni goro, aka hana ni shayi.
Na kwana baki salam.
Da safe Tanimu ya goyo ni a babur,
ƙirjina ɗaure da igiyar nan
da na shekara ina kiranta ƙwannafi.

Shekara talatin da ɗaya na yi a hukumar ruwa.
Na san bututun Malali kamar zanen tafin hannuna,
na san kukan ƙarfe in tsatsa ta ci cikinsa.
Nawa ne ban taɓa kasa wa kunne ba.

Suka ɗora ni kan shimfiɗa mai gudu:
yi ta tafiya, Baba.
Na yi ta tafiya, ban bar ɗakin ba,
sai haki.
A nan wata yarinya ta tura min allura a jijiya,
ta ce ruwan na da hasken da ido ba ya gani,
zai bi jini duk lungun da jini ya shiga.

Sai kwanciya, hannuwa bisa kai,
na'ura tana kewaya ni a hankali
kamar mai taya sa a Zango.

Likita Hajo ta juyo min da allon.
Gammo ne jere, ja kamar garwashi.
Sahun ƙasa na hutu ne, ya cika da'ira.
Na sama na wahala ne,
gefe guda ya dushe kamar ɓera ya gutsura.

Ta fara laluben kalmar da za ta ba ni.
Na ce bari, 'yata, wannan aikina ne.
Tsakar dare, in kowa ya rufe famfo,
ruwa kan lallaɓa har ƙarshen layi.
Da asuba kowa ya buɗe,
mutanen kan tudu sai iska ke musu huci.
Ba kogin ne ya ƙafe ba.
Hanya ce ta tsuke.

Ta ajiye biro ta dube ni.
Ta ce unguwar na da rai tukuna,
za a leƙa bututun a ga inda kitse ya tare.
Ta rubuta magani, ta raba ni da tsire.

A hanyar gida ban ce wa Tanimu komai ba.
Wata tsohuwa nake tunawa, 'yar Rigasa,
da ta yi ta zuwa ofis da bokitinta wayam,
ta ajiye shi a bakin ƙofata, ba ta zagi,
ni kuwa ina ce mata gobe.

Na dafa ƙirji.
Na ce, Iya, na ji.